Yayana ya sa sunana cikin tubabbun makaɗa, yau abin ya biyo 'yata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, duk da na san wasu 'yan Kaura da sun karanta layi uku za su gane ni, su ma ina roƙonsu su riƙe bakinsu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni kafin ranar Asabar, don bayan Asabar ko kun ba ni ba ta da sauran amfani. Ni ba yaro ba ne, na haura hamsin, malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, kuma ban taɓa zaton zan kawo maganar gidanmu gaban mutanen da ban sani ba, amma abin ya kai ni maƙura, don wanda ya kamata in kai wa kukan shi ne ya sa ni kukan.

Mu asalinmu 'yan Zurmi ne, gidan malamai, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya yi alƙalanci, ya kuma karantar a zaure har ƙarfinsa ya ƙare. Mu biyu ne maza, ni da Yayana da ya girme ni da shekara tara, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba a wurina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa shiga gidansa da takalmi ba, ko aurena shi ya yi min komai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ƙane ne marar kunya ya zo yana zagin yayansa a waya.

Ina karatu a Poli a Kaura, lokacin da aka ba mu jiha, ina da aboki direba ana ce masa Isuhu, yana cikin masu ɗauko motoci daga Kwatano. Wata rana ya zo ɗakina yana dariya, ya ce ya tsinci wani abin wasan yara a but ɗin mota, ƙarƙashin tayar safaya, mai motar ya ce a yar. Ya miƙo min 'yar ƙaramar jita, tsawonta bai kai hannuna ba, tana da tsirkiya huɗu na roba, ɗaya ta tsinke. Ba mu san sunanta ba, 'yar jita kawai muke ce mata, sai bayan shekaru da yawa na gani a waya cewa yukulele ake kiranta. Na ɗan kaɗa ta da babban yatsa, wallahi sautin da ya fito ya shiga raina tun a lokacin, wani sauti ne siriri mai sanyi, ba hayaniya, kamar yaro yana magana a hankali don kada ya tada mai barci.

Babu wanda ya koya min sai kunnena da kaset. In saka waƙa a rikoda, in saurari layi ɗaya, in tsayar, in mayar da zaren baya da biro don kada batir ya ƙare, in yi ta lalubawa da yatsu har in samu inda sautin yake. Wata waƙar sai ta ci min sati biyu. Tsirkiyar da ta tsinke kuwa na gwada wayar birki ta keke, ta nemi yaga min yatsa, na gwada zaren buhu bai yi ba, sai Isuhu ya kawo min igiyar kamun kifi daga kasuwar Shinkafi, kauri uku daban daban, na zaɓi wadda ta dace. Abin da ya gagare ni shi ne ɗaure tsirkiyar daidai, wata rana ta yi daɗi wata rana ta yi kamar kukan ƙofa. Shi ne na je na sami wani tsoho mai gurmi, Baba Ila, mutumin Banga, da yake zama gindin dalbejiya kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya juya ta ya juya ta, ya ce gurmin Nasara ke nan, ga ado ba ƙarfi, sannan ya nuna min yadda zan ɗaure ɗaya in bi da sauran a kanta, ya kuma ce in daina dukanta kamar ina jin haushinta, in saki wuyan hannu. Sau uku na je wurinsa duka duka, goro kawai nake kai masa.

Ina so ku riƙe wannan da kyau don shi ne tushen maganar. Ban taɓa kaɗa ta a gidan biki ba, ban taɓa kaɗa ta a gidan suna ba, ban taɓa wasa wani ba, ba a taɓa liƙa min ko kwabo ba. A ɗakina nake kaɗawa bayan la'asar in na dawo daga aiki, ƙofa a rufe, har tsumma nake cusawa a ramin cikinta don kada sautin ya wuce taga. Waɗanda suka taɓa ji ba su fi biyar ba, kuma Yaya yana cikinsu, ya taɓa shigowa ya same ni, ya yi tsaki ya ce aikin banza, ya zauna ya ci abincina ya tafi.

Da Shari'a ta zo ni ma murna na yi, har Gusau na je a bayan a-kori-kura, na yi kabbara har muryata ta dishe. Har gobe ba ni da matsala da Shari'a, kada wani ya juya min magana a kwament. Matsalata da mutum ɗaya ce. A lokacin Yaya ya dawo daga Sakkwato yana neman wurin tsayawa a sabuwar jiha, aka sa shi sakataren wani kwamiti na gyaran tarbiyya a yankinmu. Suka shirya taro bayan sallar Juma'a, makaɗa su zo su tuba a gaban jama'a su miƙa kayan kiɗansu, manyan baƙi za su zo, 'yan rediyo ma za su zo. To ashe duk yawon da suka yi tsofaffi huɗu kawai suka samu, sauran wasu sun tsallaka Nijar, wasu sun ce ba su da lafiya. Tsofaffi huɗu kuwa ba abin nuna wa baƙi ba ne.

Ranar taron da hantsi sai ga Yaya a ɗakina. Bai zauna ba, ya miƙa hannu saman wadrob ya ɗauko 'yar jitar kamar shi ya ajiye ta, ya ce in sa babbar riga in biyo shi. Na tambaye shi ina za mu, ya ce tun yaushe na fara tambayarsa ina za mu. Na bi shi. Da aka idar da salla aka fito fili, sai wani ɗan agaji ya kama hannuna ya kai ni tabarmar gaba, ya zaunar da ni kusa da tsofaffin nan huɗu, na duba gefena sai ga Baba Ila rungume da gurminsa. Ya dube ni ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kai kuma mi yak kawo ka nan? Mu dai sana'armu ta, ita munka gada, kai hwa ɗan Malam?" Ni kaina a lokacin na fara gane abin da ake ciki.

Yaya ya karɓi lasifika. Ya ce gyara daga gida yake farawa, shi ya sa ya kawo ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shaiɗan ya ja shi ya daɗe yana kiɗa da roƙo a gidajen biki a ɓoye, yau Allah ya shirye shi. Fili ya ɗauki kabbara. Ni kuwa kalmar roƙo ce kawai take yawo a kaina, roƙo, ni, a gidan biki na wa? Na so in miƙe in ce ƙarya ne, amma ta yaya zan ƙaryata yayana a gaban dubban mutane da baƙi, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba? Aka fasa kalangai, aka karya gurmin Baba Ila, tawa kuwa Yaya da kansa ya ajiye ta ƙasa ya taka da ƙafa, taku ɗaya ta ishe ta, ba ta da wani ƙarfi. Aka ba kowannenmu sabuwar buta da tabarmar salla, kamar dā ba ma salla. Ni da na sauke Alƙur'ani ina shekara goma sha uku aka miƙa wa buta ana tafa min a kafaɗa. Kwana uku rediyo yana maimaita labarin, kuma duk maimaitawa sai an ambaci sunana da na mahaifinmu.

Kafin shekara ta zagayo Yaya ya sami kujera a Gusau. Ni kuma na sami suna, Malam Tubabbe, a makaranta, a kasuwa, a majalisa, har ɗalibai suna raɗa shi in na juya ina rubutu a allo. Sau ɗaya na yi masa maganar, bayan kamar wata biyu, na ce Yaya ka san ban taɓa roƙo ba, ya ce to in bai ce haka ba wa zai ɗauki abin da muhimmanci, ai lada muka samu gaba ɗaya, in bar maganar. Na bari. Na haɗiye ta shekara ashirin da wani abu, ina gaishe shi da salla, ina kai masa rago in ya dawo Hajji. Abin da ya fi ƙona min rai, Yayan nan nawa da ya shiga siyasa daga baya har situdiyo ya aika aka yi masa waƙa da fiyano, ana kiransa bangon gabas ana kiransa hasken Zurmi, kuma ita ce ringin ɗin wayarsa har yau. In tana ƙara a gabana sai ya bar ta ta ɗan yi kafin ya ɗauka.

Yanzu ga inda abin ya dawo. Ina da 'ya, babbar 'yata, sunan mahaifiyarmu gare ta shi ya sa nake ce mata Ummi, nas ce, shekararta ashirin da shida. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana da na taɓa ba wa labarin nan, ita ma don ta dawo daga makaranta tana kuka ne tana ƙarama an ce mata ɗiyar maroƙi. Shekara biyu da suka wuce, da ta fara aiki, sai ta riƙa zuwa tana nuna min bidiyo a waya, Baba irin wannan ce, ko irin wannan, ashe har girma uku ake yin su, akwai ƙarama irin tawa ta dā, akwai matsakaiciya, akwai babba mai kaurin murya. Ni na ɗauka hira ce kawai, na ce ai matsakaiciyar za ta fi daɗin riƙo ga mai manyan yatsu irina. Bayan sati uku sai ga kwali an aiko daga Legas ta tashar mota. Na buɗe na ga abin a cikin jakarsa baƙa, har da wani ɗan maƙale da ake sawa a kanta yana nuna kore in tsirkiya ta ɗauru daidai. Ban yi amfani da shi ba, na ɗaure ta da kunne yadda Baba Ila ya koya min, da Ummi ta maƙala abin don ta gwada ni sai huɗun duka suka nuna kore. Ta yi ta tsalle tana tafi kamar ƙaramar yarinya, ni kuma na juya baya don kada ta ga idona. Tun ranar nake kaɗawa a ƙuryar ɗaki bayan la'asar kamar dā, daga ni sai ita sai mahaifiyarta muka sani. Ba zan ɓoye muku ba, shekara biyun nan su ne mafi daɗi da na yi tun daga waccan Juma'ar.

Bara wani yaro ya fito neman aurenta, ɗan Shinkafi, gidan 'yan kasuwar hatsi ne, yaro mai hankali, suna son juna, ni ma na yaba da shi. Kun san al'ada, uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, wansa ko ƙanensa ake samu, don haka na tura su wurin Yaya, shi ne waliyyi. Aka kai gaisuwa, komai yana tafiya, sai suka shiga bincike yadda kowa yake yi. A nan ne kakar yaron, tsohuwa mai riƙe da gidan gaba ɗaya, da ta ji sunana ta ce a dakata, ita da kunnenta ta ji a rediyo lokacin Shari'a, wannan ai maroƙi ne, kuma su ba su haɗa zuri'a da wanda ya taɓa bin gidajen biki yana roƙo, ko ɗan wane ne. Baffan yaron, mutumin kirki, ya ce bari ya je ya tambayi Yaya, ai shi ya fi kowa sani. Jama'a, a nan ne Allah ya ba mutumin nan dama ya wanke ni da kalma ɗaya, su biyu ne a falo, ba lasifika ba rediyo, ya ce ba haka aka yi ba, shi ke nan. Kun san abin da ya ce? Ya ce ai ya tuba tuntuni. Baffan ya koma Shinkafi ya ce wan uban yarinyar ma ya tabbatar.

Ranar da labarin ya iso ni na hau mashin na tafi gidansa, kuma karo na farko a rayuwata na ɗaga masa murya. Na ce ya ci amanata sau ɗaya na yi shiru, yanzu ya ci ta Ummi da ke ɗauke da sunan uwarsa. Ya ce, "Yo mi kaka so in ce musu? In ce na yi ƙarya gaban jama'a ran Juma'a? Kana so a dena bi na salla?" Na ce to gara a daina auren 'yata ke nan, ya ce ba haka yake nufi ba, in kwantar da hankalina zai gyara. Muka rabu ba sallama. Da na fito sai na tuna Baba Ila, kunya ta kama ni, don ga ni ina haƙilon nuna wa duniya ni ba irinsa ba ne, alhali tsohon nan har ya koma ga Allah ban ji ya yi wa wani ƙazafi ba, bayan an karya gurminsa itace ya koma sayarwa, kuma duk inda ya gan ni shi yake fara gaishe ni.

To gyaran da Yaya ya yi shi ne ya jefa ni ramin da nake ciki yanzu. Ya kira baffan yaron ba tare da ya shawarce ni ba, ya ce musu ƙuruciya ce kawai, maganar roƙo kuma mutane ne suka ƙara gishiri, bai ce shi ne mutanen ba. Don ya ƙara wa maganarsa nauyi sai ya ce su zo da kansu, ƙanensa zai dafa Alƙur'ani a gabansu ya rantse cewa bai taɓa roƙo ba, kuma tun daga ranar da ya tuba hannunsa bai sake taɓa abin kiɗa ba. Tsohuwa ta ce in dai ya rantse a kan duka biyun ta yarda, a sa rana. Sun ce Alhamis kasuwarsu ce, za su zo Asabar da hantsi, gidan Yaya. Shi Yaya bai san da sabuwar jitar ba, har waya ya yi min yana fara'a, wai ya kashe wutar, saura in zo da alwala.

Rabin farko na rantsuwar zan iya yin sa sau dubu. Rabin na biyu ƙarya ne tsagwaronta, jiya ma na taɓa. Ni ɗan alƙali ne, na ga yadda mahaifinmu yake ja da baya da tabarmarsa in za a dafa Alƙur'ani, na san abin da rantsuwar ƙarya take yi wa gida. In kuma na ce musu gaskiya, cewa ina da ita a ɗaki ina kaɗa wa kaina, tsohuwar nan ba za ta tsaya bambanta mai kaɗa wa kansa da mai bin biki ba, za ta ce tubabben ma ya koma ruwa, kuma Yaya zai tsame hannunsa ya ce ni na kunyata shi, ya fita fes kamar yadda ya saba. Na yi tunanin in sami baffan yaron ni kaɗai in ba shi labarin tun daga farko, amma hakan yana nufin in ce wa baƙo waliyyin 'yata maƙaryaci ne, kuma ban san ko zai ɗauki maganata a kan ta mai kujera ba. Isuhu da zai shaide ni ya rasu a hanyar Kwatano shekaru da yawa.

Shekaranjiya Ummi ta shigo ta durƙusa, idonta duk ya kumbura, ta ce, "Baba ni nij jawo maka wanga abu, ba ni ita in kai ta wani wuri." Na ce ko an kai ta bangon duniya hannuna ya riga ya taɓa. Sai ta ce to a bar auren, ita ba ta son in dafa Alƙur'ani a kan ƙarya saboda ita. Ta faɗa tana murmushi don in ji sanyi, amma mahaifiyarta ta ce min kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba. Yarinyar da ba ta yi laifin komai ba sai don ta ga ubanta yana kewar wani abu ta saya masa.

Jiya bayan la'asar na ɗauko jitar da niyyar in taka ta da ƙafata, in huta, ko ba komai a ce wannan karon ni na fasa abina. Na zaro ta daga jaka, na ji tsirkiya ta uku ta ɗan saki, wallahi ban san lokacin da na zauna na fara ɗaure ta ba. Sai da na gama na tuna abin da na ɗauko ta in yi.

Don girman Allah ku faɗa min, malamai da iyaye da ke cikin zauren nan. In dafa in rantse don 'yata ta shiga ɗakinta, in ɗauki zunubin ni kaɗai? Ko in faɗi gaskiya in zuba ido auren ya watse a kan laifin da ban yi ba? Ko kuwa in buɗe baki ranar Asabar a gaban baƙi, a falonsa, in faɗi abin da na kasa faɗa a kan tabarmar nan, kowa ya ji wanda ya yi ƙaryar? Masu cewa in yi haƙuri, na gode, amma ku sani haƙurin da na yi ne wancan karon yau Ummi take biya.